Zobe a Ƙarƙashin Ƙwarya

A makon jiya wani mai duba ya sauka a unguwarmu yana iƙirarin cewa babu abin da za a ɓoye masa. Da farko ya burge jama'a, domin duk lokacin da na kifa ƙwarya a kan zobena, sai ya nuna ta daga cikin sauran ƙoren da aka kifa ba tare da kuskure ba. Daga baya na lura fuskata yake kallo, ba ƙoren ba.

Sai na ce: "Malam, a gafarce ni, bari yaro ya ɓoye zoben a zaure alhali ni da kai muna waje, sannan ya fita ta baya." Ƙore biyar muka jera, aka gwada sau goma, ya dace sau biyu kacal, daidai abin da mai cinke zai samu. Ya ce wai aljanunsa ne suka yi fushi.

Abin ya tuna mini da James Randi, mai wasan rufa-ido da ya zauna a Amurka, wanda a 1964 ya sa kyautar dala 1,000 ga duk wanda ya tabbatar da irin wannan baiwa a ƙarƙashin sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka amince da su. Kuɗin ya kai dala miliyan 1 a 1996, kuma har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci.