Abin da "rarar kamfani" ta koya mani a kasuwar Dolé

Shekara huɗu na yi ina zaman butik ɗin kawuna a kasuwar Dolé nan Damagaram, shadda da atamfa muke saidawa, sai ɗan turare da agogo a gefe. A shekarata ta farko ne wani bawan Allah ya zo da kaya cikin buhu, ana saura sati biyu Sallah, kawu ya tafi Kano saro. Ya ce shadda Getzner ce, wai rarar kamfani ce, an buga ta yi yawa shi ya sa ake karyar da ita. Kuɗin da ya faɗa ko rabin wanda muke sarowa bai kai ba. Ni kuma ganin ƙyalli da tambari na zinari sai kaina ya ɗau zafi, na kwashe jikka 150 na cinikin ranar na ba shi, har ina jin daɗi zan burge kawu.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, wallahi da ya zage ni ma da ya fi mani sauƙi. Zare ɗaya ya ja daga bakin ƙyallen ya kunna ashana. Zaren ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin kamar leda. Ya ja na gaske ya ƙona, ya zama toka, yana warin takarda. Ya ce "ɗana, auduga ba ta narkewa." Muka jiƙa guntu cikin ruwa, ƙyallin ya tafi, ashe duk sitaci ne.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne tambayar da ya yi bayan nan. Ya ce Getzner a Ostiriya ake saƙa ta, atamfar Vlisco kuma a Holan ake buga ta, to kamfanin da mutane ke bin layi su sayi kayansa don me zai ba wani mai buhu rara ya kawo Zinder a rabin kuɗi? Daga baya da na fara bincike a waya na ga ashe manyan kamfanonin nan tsoron araha suke yi fiye da asara. Louis Vuitton, kamfanin jakunkunan tsada na Faransa, ba ya rage kuɗi sam, kuma a kantunansa da shafinsa na intanet kaɗai yake saidawa. Burberry na Ingila har ƙona kayan da ba su saidu ba ya yi ta yi, sai da aka yi ta surutu a 2018 kana ya daina. To ka ji.

Yanzu in an kawo kaya, labarin nake fara saurare kafin in taɓa. In na ji "rara" ko "duwan ne suka kama suka yi gwanjo" na riga na san inda aka dosa. Sannan hannu ya yi aikinsa, atamfa in juya bayanta in ga ko launin ya ratsa, jaka in duba ɗinki da zif, agogon da aka ce Rolex ne in kalli allurar sakan, ta gaske tafiya take sumul, ba ta tsalle ɗaya-ɗaya. Amma fa masu kwaikwayo sun ƙware, tambari da kwali yanzu ba su gaya maka komai.

Shaddar nan dai ba mu yar ba. Kawu ya sa na cire tambarin, muka saida ta a kuɗin shaddar Sin, duk wanda ya taya sai na gaya masa ko mece ce. Jikka 60 da muka yi asara, wata uku ana cire ta daga kuɗina.