Sati na bakwai da Rudra no Hihou: katakana ta fara zama a hannuna

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Yau sati bakwai ke nan da na fara buga Rudra no Hihou da harshensa na asali, wato Japananci, ga kuma inda na kai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, wasan bidiyo ne na kamfanin Square. Ya fito a Japan a watan Afrilun 1996 a kan na'urar Super Famicom, kuma kamfanin bai taɓa fitar da shi a wata ƙasa ba. Lokacin fitowarsa ne ya cuce shi. PlayStation ta shiga kasuwa tun Disambar 1994, Nintendo 64 na tafe a watan Yuni, hankalin mutane kuma ya koma kan Final Fantasy VII, wanda ya iso a Janairun 1997. Sai wannan ya zama kamar ɗan auta da aka haifa ana shirin tashi daga gida. Abin yana yi mini ciwo, domin ban ga wasan da ya kai shi amfani ga mai koyon karatun Japananci ba.

Labarin a taƙaice: duk shekara 4,000 ana shafe jinsin da ke mulkin duniya a kawo wani, yanzu kuma saura kwana 15 wa'adin 'yan Adam ya cika. Jarumai uku ne za ka zaɓa daga cikinsu, Sion soja, Surlent mai binciken kayan tarihi, da Riza, kowa da hanyarsa a cikin waɗannan kwanakin, kuma kana iya ajiye ɗaya ka koma kan wani. Ni da Sion na fara, saboda an ce tasa ta fi miƙewa.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda ake samun surkulle a wasan. A sauran wasanni saye ake yi a shago, ko jarumi ya samu idan ya ƙara matsayi. Nan kuwa kai za ka rubuta da hannunka. Ana ba ka gurbin harafi shida na katakana, wato ɗaya daga cikin nau'o'in rubutun Japananci, duk abin da ka rubuta ya zama surkulle, kuma wasan ba ya ƙin karɓar kalma. Sunan tsarin kotodama, daga tsohuwar akidar Japanawa cewa kalma tana ɗauke da ƙarfi. Akwai saiwoyi: イグ (igu) wuta ce, アク (aku) ruwa, レフ (refu) warkarwa. Idan ka liƙa ナ a ƙarshe, abin ya game kowa, wato レフ mutum ɗaya yake warkarwa, レフナ kuma duk tawaga. Mutanen gari suna faɗa maka wasu kalmomin, abokan gaba ma idan suka yi nasu sunan yana bayyana a saman allo, sai ka kwafe ka mayar musu da shi.

Kun ga inda karatun ya shigo. Sunan yana fitowa ne na ɗan lokaci ya ɓace, don haka dole ido ya kama harafi da sauri, hannu kuma ya nemo shi a jadawalin haruffa na wasan. A sati biyun farko sai na dakatar da wasan kafin in iya kwafa. Yanzu kalma mai harafi uku ko huɗu ina karanta ta kafin ta wuce. Na yi wata biyu ina haddar haruffan nan 46 a takarda suna zamewa, amma da ya zama ran Sion ya dogara da su, sai suka zauna. Ina da littafin rubutu mai shafi arba'in da na ware, kowace kalma da layinta: inda na ji ta, nawa take ci daga ma'aunin MP, wato makin da ake kashewa wajen yin surkulle, da abin da ta yi. Na cika shafi tara.

Na gwada kalmominmu ma. "Ruwa" ta shiga lafiya, ルワ. "Wuta" kuwa ba ta da gurbi, domin jadawalin ba shi da harafin "wu", sai na rubuta ウタ, wanda a Japananci waƙa yake nufi. Wasan ya karɓa, sai dai kalmar da ba a gina ta a kan saiwoyinsa ba yawanci tsada gare ta, ƙarfi kaɗan. Na goge su bayan kwana biyu don in sami wuri.

Wani abin da nake so ku riƙe, musamman masu jin tsoron harshen: kunnenmu ya riga ya yi rabin aikin. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, i, u, e, o, kuma suna bambanta dogo da gajere. Mu da muke jin bambancin gari na mutane da garin tuwo ba sai an yi mana dogon bayani a kan obasan, wato goggo ko inna, da obaasan, wato kaka, ba. Haka nan baƙi mai ƙarfi: yadda daba ta sha bamban da dabba, haka kite, wato zo, ta sha bamban da kitte, wato kan sarki. Su har alama suke sa wa waɗannan, dogon layi ー don jan wasali, ƙaramin ッ don ƙarfafa baƙi, abin da bokonmu bai yi wa wasali ba. Ko "fu" ɗinsu da leɓɓa biyu ake yin ta ba tare da haƙori ba, kamar yadda Bakano zai ce fure. Tun da na lura da wannan nake furta kowane surkulle a fili kafin in rubuta, kuma kuskurena ya ragu sosai.

Inda har yanzu nake tuntuɓe shi ne ソ (so) da ン (n), sai シ (shi) da ツ (tsu). A takarda bambancin a bayyane yake: dogon zanen ソ da ツ daga sama yake saukowa, na ン da シ daga ƙasa yake hawa. A ƙaramin rubutun Super Famicom kuwa ɗigo biyu ko uku ne kawai suka raba su. Ranar Talata na kwafi ソア, saiwar haske, na rubuta ta da ン, na shiga faɗa da wani babban dodo ina dogaro da ita. Abin da ya fito ba haske ba ne, aka kashe tawagata, na koma baya kusan minti arba'in. Yanzu na zana haruffan huɗu manya a bangon littafin da kibiya a kan kowanne, kuma ba na shiga babban faɗa sai na gwada sabuwar kalma a kan ƙananan abokan gaba.

Hirar mutanen gari kuwa cike take da kanji, haruffan da suka aro daga Sinanci, kuma gaskiya kashi ɗaya cikin huɗu nake ganewa. Masu sha'awa sun fassara wasan zuwa Turanci, sun ma sake gina tsarin rubutun da haruffan boko, aiki ne da ya cancanci yabo. Ina leƙa fassarar idan na rasa inda zan nufa, amma surkulle a na Japananci kawai nake rubutawa.

Wanda bai kai ga katakana ba tukuna, ya fara da Live A Live na 1994, shi ma na Square, wanda aka sabunta a 2022. Babin mutanen kogo babu magana a cikinsa, da hoto da nuni ake zance, don haka sunayen kaya da jerin umarni kaɗai za ka karanta, a hankali.

Sati mai zuwa zan ajiye Sion in ɗauki Riza daga ranarta ta farko, in ga ko kalmomin da na tara za su sauƙaƙa mata hanya. Wanda ya riga ni gano abin da ake liƙawa a gaban saiwa don ƙara ƙarfi ba tare da MP ya yi tsada ba, don Allah ya taimaka mini da shi.