Abin da aikin awon ruwan Jakara da Getsi ya koya mini

Rafin Jakara yana tasowa ne daga cikin birnin Kano, ya kwashi ruwan kwatami da dattin kasuwanni da na mayanka, sannan rafin Getsi ya same shi a gaba ɗauke da abin da masana'antun Bompai suka zubar. Daga nan su nufi madatsar Wasai a Minjibir. A gefensu kuwa lambuna ne jere: latas, kabeji, alayyafo, albasa, duk da wannan ruwa ake ban ruwansu a lokacin rani. A kan wannan ruwa na yi aikin bincike ina ɗalibi, kuma babban abin da na fito da shi shi ne, wanda yake kwana ya tashi a bakin rafi ya fi ɗan bincike sanin lokacin da ya kamata a ɗebi ruwa.

Mu muna zuwa da hantsi, mu cika kwalabe, mu sa a ƙanƙara, mu wuce ɗakin gwaji. Wani dattijo mai lambu ne ya ce mini, "Yaro, da asuba za ka zo, lokacin ne ruwan yake sauya kala." Na ce, "To Baba, kullum ne?" Ya lissafa mini ranakun da yake zuwa baƙi, da ranakun da yake kumfa, da warin da idan ya ji ba ya tayar da injinsa. Kwalba ɗaya tana ba da labarin sa'a ɗaya ce kawai. Dattin da aka saki da dare ya riga ya wuce kafin ma'aikaci ya iso.

Mutanenmu ba baƙi ba ne ga duba ruwa. Tun a makarantar Islamiyya aka koya mana cewa ruwan tsarki ana lura da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Da ka fara bayani daga nan, sai ka ga an saurare ka. Amma dole a ƙara musu da cewa ido da hanci suna da iyaka. Ruwa zai iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya daga ƙwayar E. coli, wadda ake samu a bahaya, a cikin mililita 100 na ruwan sha. Akwai 'yar kwalbar gwaji mai araha: a zuba ruwa, a rufe, a ajiye kwana 1 zuwa 2, idan ya yi baƙi to akwai alamar bahaya ya shiga. Duk matashin unguwa zai iya wannan, haka ma takardar da ke sauya launi don auna tsamin ruwa.

Abin da ba zai iya ba shi ne auna ƙarafa masu guba. Kuromiyam da majemu ke jeme fata da shi, iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 a lita, dalma kuwa 0.01. Waɗannan sai ɗakin gwaji, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da su. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Don haka aikin ya rabu biyu: jama'a su riƙe littafi, su rubuta rana da lokaci da launi da wari da mutuwar kifi, masu na'ura kuma su bi wannan littafi su san ranar da za su zo.

Ina da yaƙinin hakan zai yiwu, domin an taɓa yi. Kurkunu ya kama mutane sama da dubu 600 a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980. 'Yan sa-kai na ƙauyuka ne suka riƙa rubuta masu cutar, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo shiga tafki, har aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi a 2013.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sakamako ba ya komawa wurin masu ruwan. A ɗebi ruwa, a rubuta kundi da Turanci, a ajiye a kan kanta. Mai lambun da ya nuna hanya bai taɓa jin me aka gano ba. Ya kamata a koma ƙofar mai unguwa a karanta da Hausa, a gaban masu lambu da masunta da mata masu wanki.

Kuma idan an je, kada a tsaya ga cewa "ku daina amfani da ruwan nan." Mai lambu ya san ruwan ba shi da kyau, ƙafafunsa ma sun gaya masa. Da wannan lambu yake ciyar da iyalinsa, kuma ba shi da wani ruwan a watan Maris. Abin da zai amfane shi shi ne a taimaka masa da rijiyar burtsatse, a kuma ɗauki littafin da suka cika a kai gaban hukumar kula da muhalli, a nemi masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi cikin Getsi.