Tirelar da ta raba ni da shagon Oga

Ranar Asabar na kwashe zartona da gudumata daga shagon kafinta da na yi shekara bakwai a kasuwar Panteka ta Kaduna. Masu kira suna tambayar abin da ya faru, to ku ji, maganar tirelar nan ce.

Wani dattijo ɗan fansho daga Barnawa ya zo da hoto a wayarsa, 'yar ƙaramar tirela ta katako irin wadda Amurkawa ke ja da mota su je daji su kwana. Shi a gonarsa ta wajen Kujama yake so ya riƙa kwana lokacin girbi. Faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8, daidai girman filawud guda, katifa ɗaya a ciki, ƙofa a gefe, wurin ajiye risho a baya. Ban taɓa yin irinta ba, shi ya sa ma na ƙwallafa rai. Masu walda na layin bayanmu suka haɗa ƙarfen ƙasa da tayoyi, aikin katako kuwa nawa ne.

Watan Agusta ne, ruwa ba dare ba rana. Oga ya sauke falankai, na ɗaga ɗaya na ji nauyi kamar daga kogin Kaduna aka tsamo shi. Da na sa zarto, garin da ke zubowa da sanyinsa, in ka damƙa sai ya dunƙule. Na ce, "Oga, katakon nan ɗanye ne, a bari ya sha iska." Ya ce, "Kai ka karɓi kuɗin Alhaji ko ni? Sati uku na ce masa." Sai na ja bakina na yi shiru, alhali na san abin da zai biyo baya. Har yau shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Ta yi kyau kuwa. Banish shafi uku, 'yan layi na ta ɗaukar hoto, Oga na tsaye a gaba kamar shi ya fere ta.

Hunturu na kankama aka dawo da ita. Duk kafinta ya san katako ta faɗi yake tsukewa in ya bushe, tsawonsa ba ya wani motsi, filawud kuma yana nan yadda yake. To falankan sun ja, filawud ya ƙi bi, gam ya saki. Ƙofa ta murɗe, sakata ba ta kamawa, gefenta ya buɗe har yatsana na shiga. Na shafa katifar, tafin hannuna ya fito fari fat da ƙura. Dattijon bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, sanyi na sha."

Oga ya dube shi a gaban yaran shago ya ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, yaran yanzu ba sa jin magana." Ni da 'ya'ya biyu a gida! Kuɗin gyaran ma daga cikin nawa ya cire. Na gyara ta da busasshen madaci, na bar wa kowane falanki ɗan sarari a tsagarsa ya samu wurin motsi, ban ce wa kowa uffan ba.

Sauran abubuwan da na koya a aikin tirelar ƙanana ne. Tayoyi su koma bayan tsakiya kaɗan, yadda kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai hau kan mahaɗin mota, in ba haka ba tirela rawa za ta yi ta yi a titi. Ƙusa ba ta jure girgizar hanyar gona, sukuru ake sa wa. In kuma maigidanka ya ce ka yi aiki da kayan da ka san ba su yi ba, faɗa masa a gaban mai kaya. Ban ce duk iyayen gida haka suke ba.

Makon jiya dattijon ya kira ni, a wayata, ba ta shago ba. Wani abokinsa na son irinta. Na riga na jera falankan a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Tudun Wada, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Na ce masa sai watan Maris, ya ce zai jira.