Asabar, ranar da randa ta yi rana

Tun daren jiya babu wuta a unguwarmu, ga bazara ta kankama. Kafin azahar masu ƙanƙara sun ƙara kuɗi. Gidajen da suka sha ruwan sanyi yau su ne masu randa, kuma in ka duba, yawancinsu akwai tsohuwa a ciki. Bari in rubuta yadda ake sarrafa ta tun kafin masu sanin su ƙare.

Sanyin randa daga jikinta yake. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa ta fi sanyi da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa sai a hankali. Masu yi mata fenti ko su shafe ta da siminti don ta yi kyau sun kashe ta ke nan.

Wajen saye ana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. In ta yi ƙara ras, ta gasu. In ƙarar ta mutu, ko dai ba ta ji wuta ba ko akwai tsaga a ɓoye. Sabuwa ba a shan ruwanta nan take: a cika ta, ta kwana, a zubar, a maimaita kwana biyu ko uku har ƙarfin warin ƙasa ya ragu. Daga nan wasu kan kife ta a kan kasko mai garwashi da ɗan kajiji ta sha turare, wasu kuma su jefa saiwar jema a cikin ruwan don ƙamshi.

Mazauninta inuwa ce mai shan iska, ba lungun da aka toshe ba. A zuba yashi kamar taƙi guda, a dasa gindinta a ciki, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Da dare ake cika ta, ta kwana tana hucewa. Murfinta faifai, moɗarta kuma guda ɗaya, ta ɗiba kawai: a ɗebo, a juye a kofi. Da zarar yara sun fara kafa baki a moɗa suna mayarwa, ciwon mutum ɗaya ya zama na gida duka.

Abin da ya fi lalata ta shi ne gansakuka da dattin da ke toshe ƙofofin. Duk mako a juye ta, a dirje ciki da waje da soso da yashi ko toka. Ban da sabulu da omo, don yumɓu na shanye su, ruwan ya yi ta ɗanɗanonsu. Idan ruwan rijiya ya zo da laka, ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale na kwantar da ita a bokiti kafin a tace da farin ƙyalle. Sai dai randa sanyi take bayarwa, ba ta kashe cuta. Mutanen da sun sha fama da kurkunu daga ruwan kududdufi, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi.

Wannan hikimar ta sanyin randa ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya faɗaɗa a shekarun 1990: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, ana ƙara ruwa sau biyu a rana. Tumatir da gauta da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai su kai makonni. Ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Da la'asar telan bakin layi ya fito da dutsen guga na gawayi. Shi ma da ƙa'idarsa. Garwashi rabin ciki ake zubawa, na itace mai ƙarfi irin ƙirya, don gawayin banza toka yake yi da wuri. A rufe, a tabbatar maƙullin ya kama, a fifita ta ƙofofin gefe, sannan a gwada a kan tsumma. Kafin a ɗora shi a kan farar shadda sai an fita waje an hure tokar, in ba haka ba tartsatsi ɗaya ya isa ya huda riga. Manyan riguna dai a da ba guga ake musu ba, mabuga ake kai su, a shimfiɗa a kan gungume a yi ta bugu har su ɗau ƙyalli.

Bayan magariba wasu gidaje sun kunna fitilar ƙwai, duk da tsadar kananzir. Lagwani a yanke shi daidai da almakashi, in gefe ɗaya ya fi tsawo harshen wutar zai karkace ya baƙanta ƙwan. Kada a cika tankin fal, kada a ƙara mai tana ci, kuma kananzir ɗin da ke warin fetur a mayar wa mai shi, shi ne ke tashi da ɗaki. Da safe ake goge ƙwan, da busasshen tsumma da ɗan toka, bayan ya huce sarai, don ɗigon ruwa ɗaya a kan mai zafi tsaga shi yake yi.