Ɗigo ɗaya da 'yan bayan aji ba su taɓa gani ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai ga 'yan aji ɗaya a jami'a, kuma a duk tsawon lokacin nan akwai wani ɗigo guda da ya tsaya mini a rai. Wanda ya yi kimiyya ya san gwajin taitireshan. Za ka auna ruwan asid a ƙaramar kwalba, ka ɗiga masa sinadarin finolftalin, sannan ka riƙa sakin ruwan alkali daga buret, doguwar kwalbar nan mai ɗan famfo a ƙasa. Ruwan yana nan garau, kana kaɗawa kana saki, har ɗigo ɗaya ya faɗo ya mayar da shi ruwan hoda mai haske. Gwajin duka a kan wannan ɗigon ya rataya. In ka wuce shi, lissafinka ya ɓaci.

To, ajina ya haura mutum ɗari uku. In na tsaya a gaban ɗakin lacca ina nuna gwajin, layi biyu na gaba ne kawai suke gani. Na baya, da waɗanda suka tsaya a bakin taga, sai dai su rubuta "ruwan ya canja launi" don sun ji na faɗa. Ranar da muka shiga ɗakin gwaji kuwa, buret ɗaya mutum takwas ko goma, mai ƙarfin hali ya kama famfon, sauran su kwafi lamba.

Annobar korona ce ta tura ni ga bidiyo. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga yajin aikin ASUU da bai ƙare ba sai a Disamba. Da muka koma a farkon 2021, aka ce manyan azuzuwa a yi su ta intanet. Na buɗe Zoom na kyauta, wanda mutum ɗari kaɗai yake ɗauka, kuma minti arba'in yake yi ya yanke. Kafin in yi sallama ɗakin ya cika, sama da ɗari biyu suna waje. Waɗanda suka samu shiga ma rabin lokacin ya tafi a "Malam, ba ma ji", "Malam, hoton ya tsaya". Wani yana cikin Keke Napep, wani ya hau rufin ɗaki yana neman sabis. Ana cikin haka aka ɗauke wuta a unguwarmu.

Da daddare wata ɗaliba ta turo mini saƙo, matar aure ce mai goyo. Ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, na sayi data don laccar nan, ta ƙare ban ji komai ba, kuma lokacin ma yaron yana kuka." Na daɗe ina kallon saƙon. Karatu na kai-tsaye yana neman abu huɗu su haɗu a lokaci guda: wuta, sabis, data, da natsuwa. Ɗalibaina da wuya su haɗa biyu.

Wakilin ajin ne ya kawo mafita. Ya same ni a ofis ya ce, "Malam, da za ka ɗauka a waya ka ba ni, ni zan raba, ba sai kowa ya sa data ba." Nufinsa Xender, manhajar da suke tura wa juna fina-finai da ita daga waya zuwa waya. Mutum ɗaya ya sauke, kafin magariba ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai. Da na yi tunani sai na ga ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso muna jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, mun ga iyayenmu suna aron kaset ɗin karatu suna mayarwa baya su sake ji. Bahaushe ya daɗe da sanin karatun da aka naɗa.

Bidiyona na farko awa guda ne cur, laccar da na saba yi ce na karanta a gaban waya. Kusan babu wanda ya kai ƙarshe, kuma ya cinye musu wuri a waya. Daga baya na karanta binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, inda suka duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a kwasa-kwasan edX, wani dandalin karatu na intanet. Sun gano hankalin mai kallo yakan fara janyewa da zarar bidiyo ya wuce minti shida, kuma mutane sun fi tsayawa a kan bidiyon da ake ganin rubutun hannu yana fitowa ana bayani, irin salon dandalin koyarwa na Khan Academy, fiye da wanda ake nuna shiryayyun shafukan rubutu na kwamfuta. Abin da ɗalibaina suka nuna mini ke nan tun kafin in karanta.

Yanzu ga yadda nake yi. Ranar Asabar da safe nake zuwa ɗakin gwaji, lokacin babu ƙarar janareta, babu kai-komo. Ina maƙale wayata a jikin ƙarfen da muke ɗaure buret, kusa da taga don hasken rana, in sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar don launin ya fito. Fuskata ba ta fitowa, hannuna ne kawai da kayan aiki. Kowane bidiyo abu ɗaya yake koyarwa: wanke fifet (siririn bututun gilashin da ake auna ruwa da shi), fitar da kumfar iska daga bakin buret, karanta lamba. Wannan na ƙarshen na fi ba shi lokaci, domin saman ruwa a cikin buret lanƙwashe yake, kuma ƙasan lanƙwasar ake karantawa, ido daidai da layin. Na kai wayar sama na nuna lambar da za a gani, na sauko da ita ƙasa na nuna wata lambar daban, sannan na tsayar da ita daidai. Shekara da shekaru ina faɗar wannan da baki, ba ta taɓa zama ba sai da kyamara ta zama idonsu. Bayanin da Turanci nake yi don da shi za su rubuta jarrabawa, amma a wuraren da na san ana tuntuɓe nakan maimaita da Hausa. Sai in rage nauyin bidiyon yadda ƙaramar waya za ta ɗauka.

Wani abokin aikina ya ce me ya sa nake wahalar da kaina, ga laccocin jami'ar MIT ta Amurka da suka fara sakewa kyauta tun farkon shekarun 2000, ga NPTEL, dandalin laccocin intanet na Indiya, ga YouTube cike da taitireshan. Ina tura wa ɗalibai wasu daga ciki, suna da kyau ƙwarai. Amma yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da ɗakin gwaji, in ya ga kayan aiki masu sheƙi da na'urar da ke kaɗa ruwa da kanta, ga harshen da kunnensa bai saba ba, sai ya ɗauka abin na wasu ne. A nawa bidiyon, buret ɗin da zai taɓa ranar Talata ne yake gani, har da ɗan tsagin da ke bakinsa.

Amfanin ajiye karatu a waya ya ƙara fito mini a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ɗaliban da suka je gida can babu kira, babu intanet, amma bidiyon yana cikin katin wayarsu. Haka a yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda ya ƙara nesanta ɗalibi talaka da karatun kai-tsaye.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. Wasu sun daina zuwa aji, suna tara bidiyo sai daren jarrabawa. Kuma bidiyo ba ya nuna mini fuskar da ta rikice, ba ya koya wa yatsa nauyin famfo. Saboda haka na sauya tsari: a kalla kafin a zo, in buɗe aji da tambayoyi biyar a kan abin da aka kalla, sauran lokacin mu yi lissafi da gyaran kuskure. Aikin ya ƙaru a kaina, data da lokacin Asabar duk daga aljihuna suke fita, kuma ina ganin ya kamata jami'o'inmu su ɗauki wannan a matsayin aikin koyarwa, su tanadi ko da ɗaki ɗaya ne mai wutar sola da makirufo.

A zangon da ya wuce na tsaya a bayan wata ɗaliba a ɗakin gwaji. Da ta kusa kaiwa, sai ta rage famfon, ta ɗauko farar takarda daga jakarta ta sa a ƙarƙashin kwalbar, ta durƙusa idonta ya yi daidai da layin. Ɗigon ya faɗo, launin ruwan hoda ya bayyana, ta rufe. Na tambaye ta sau nawa ta taɓa yin gwajin. Ta ce, "Yau ne na farko, Malam. Amma na kalla ya fi sau goma."