Abin da gyaɗa ta koya mini game da iri da gona

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin aikin gona, binciken da aka ba ni a kan man gyaɗa ne. Na shiga aikin da ra'ayi guda a kaina, cewa kyawun mai daga iri yake. In iri ya yi kyau mai zai yi kyau, ko a ina aka shuka shi. Karatun da muka yi a aji ne ya ɗora ni a kan wannan ra'ayi, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikinsa.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. A cikin man kuwa sinadarai biyu ne suka fi yawa, oleyik da linoleyik, waɗanda in an haɗa su sukan kai kashi 80 cikin 100. Linoleyik shi ne mai rauni. Da iska ta daɗe tana taɓa shi sai mai ya juya, ƙamshinsa ya gudu, ya riƙa maƙaƙi a wuya. Oleyik kuwa yana da juriya, a ajiya da kuma a kaskon suya. Ita gyaɗar da kanta take mayar da oleyik ya koma linoleyik lokacin da take cika ƙwaya, kuma ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da wannan aiki, masana na kiransu FAD2A da FAD2B. A 1987 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka ba da labarin wata gyaɗa da suka samu, mai lamba F435, wadda waɗannan biyun duk sun daina aiki a cikinta. Oleyik ɗinta ya kai wajen kashi 80, linoleyik bai fi kashi 2 zuwa 3 ba. Daga jininta aka fitar da irin gyaɗa mai suna SunOleic 95R a 1995, kuma a 2020 Indiya ta saki Girnar 4 da Girnar 5, su ma masu yawan oleyik, tare da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT. Wanda ya karanta wannan dole ya ga kamar magana ta ƙare a wurin iri.

Goggona ce ta fara girgiza mini wannan tunani. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Iri ɗaya na shuka a fuloti biyu, daga buhu ɗaya. Na farkon na bar shi ya ƙosa. Na biyun an makara shuka shi, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, sai muka tuge shi kafin ƙasa ta ƙame. Da na ɗebi abin da zan kai ɗakin gwaji, ragowar na kai mata a ƙwarya biyu ban ce komai ba.

Ba ta jira an soya ba. Ta ɗauki ƙwayoyi daga ƙwarya ta biyu ta murza a tafin hannu, ta cije ɗaya, ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ta ƙosa ba. Wahala kawai za ta ba ni." Na ce, "Goggo, ai iri ɗaya ne da waccan." Ta ce ta ji, amma ba gona ɗaya suka kwana ba. Da aka soya aka kai markaɗe, na zauna ina kallo tana juya ƙullun a turmi tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Na farkon bai daɗe ba mai ya taso yana sheƙi, tunkuza ta haɗe ta rabu da shi. Na biyun sai da ta yi gumi, man da ya fito kuma bai kai ba, ga shi da duhu. Bayan makonni sakamakon gwaji ya fito, ya faɗi abin da ta riga ta faɗa da haƙori.

Da na kai wa malamina labarin, bai yi mamaki ba. Ya sa na ɗauko kwanson gyaɗar na fasa a gabansa. Cikin ɓawon wadda ta ƙosa ya yi duhu, ruwan ƙasa har da baƙi-baƙi, na ɗayar kuwa fari fat, ƙwayar ta yamushe. Ya tuna mini cewa gyaɗa ba ta fure a rana ɗaya, tana yi ne a hankali, don haka a gindi ɗaya akwai babba akwai ƙarama. Mai yana taruwa ne yayin da ƙwaya ke cika, kuma oleyik yana ƙaruwa yayin da take ƙosawa. Wanda ya tuge da wuri ya yi asara biyu, ta yawan mai da ta daɗewarsa.

Daga nan na koma karatu da wani ido. Sai na ga ashe zafi da sanyi ma suna da hannu. Idan ƙwaya ta cika a lokacin sanyi, shuka takan ƙara yin linoleyik, idan da ɗumi kuma oleyik ya fi yawa. An fi ganin haka ƙarara a furen nan mai bin rana da ake matsar mai daga 'ya'yansa a Rasha da Yukren, inda sanyin dare kaɗai kan sauya man iri guda daga wannan yanki zuwa wancan. Ita gyaɗa tunda a cikin ƙasa take 'ya'ya, ɗumin ƙasar ne ke shafarta. Wannan ya sa nake ganin duk mai noman rani ya kamata ya lissafa lokacin da gyaɗarsa za ta cika ƙwaya, ko cikin hunturu ne ko bayan zafi ya shigo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fari na ƙarshen damina. Idan ƙasa ta bushe ta yi zafi alhali gyaɗa na ciki, kwanso kan tsage, ƙwari su huda, funfuna ta shiga ta bar gubar aflatoksin. Yawancin gubar a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci a hanyar makaranta, kuma illarta a hanta take. Suya ba ta kashe ta. Tun da na fahimci wannan na daina ganin tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi da Goggo ke yi a faifai a matsayin ɓata lokaci.

Duk da haka ban jefar da maganar iri ba. Gona ba ta iya ba gyaɗa abin da babu a jininta, duk gyaran da aka yi wa irin gyaɗar nan 'yar Dakar ba za ta kai oleyik ɗin F435 ba. Kuma iri yakan taimaka wa gona ta wata hanyar. SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta saki a 2011 tana nuna cikin wajen kwana 90, tana kuma jure cutar kuturtar gyaɗa, wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. A wurin da damina ke da gajarta, saurin nunar nan shi ke ba ƙwaya damar cika kafin ruwa ya ɗauke.

Matsalarmu babba a ganina ita ce gauraya. Gyaɗa kanta take yi wa barbara, don haka manomi zai iya ajiye irinsa shekara da shekaru bai sauya ba. Amma a kasuwa tiya ɗaya za ka tarar da iri uku ko huɗu, wani mai saurin nuna, wani mai jinkiri. In aka shuka su tare, duk ranar da aka tuge an cuci wani.

Yanzu da nake aikin malamin gona, idan manomi ya tambaye ni irin da ya fi mai, nakan faɗa masa, sannan in tambaye shi ranar da zai shuka da inda zai shanya. Kafin tuga kuma nakan ce ya ciro gindi biyar daga wurare daban-daban a gonar, mu zauna a kunya mu fasa kwanson tare mu duba cikin ɓawon.